Kwabo Mai Huji a Gefe

Ran kasuwar da ta wuce wata yarinya mai bautar ƙasa ta tsaya a gaban tirena, da kakinta da wayarta. Ta ɗauki sisi ɗaya ta juya shi, ta ce, "Mama, wannan ma sana'a ce? Ki zauna a inuwa kawai kina sayar da kuɗin da ba ya sayen komai?" Na ce ta miƙo hannu. Na sa mata sule biyu a tafi, na ce ɗaya na gaske ne ɗaya jabu, ta nuna mini. Ta karanta rubutun gaba, ta karanta na baya, ta ɗauki hoto, har wayar ta tambaya. Daga ƙarshe ta zaɓi jabun, don shi ya fi ƙyalli.

Saboda ita da ire-irenta na ce a zauna a rubuta wannan. Sunana Asabe, a kasuwar Kafanchan kuwa in ka ce Maman Luka mai anini za a kawo ka har gabana. Ban taɓa shiga aji ba sai in shara ta kai ni. Ni ke faɗa, sakatariyar zumuntarmu ke rubutawa. Na yarda ta gyara inda yaren gidanmu ya ja mini Hausa, amma na ce kada ta taɓa maganar kanta.

Aikina na farko da buhun gishiri na fara shi. Lokacin an yi canjin kuɗi, sule da fam sun tafi, naira ta shigo. Mutanenmu na ƙauye da yawa sun binne nasu a tukunya ƙarƙashin rumbu, kafin labari ya kai musu da kyau an rufe canji. Akwai wani maƙerin farfaru a bakin kasuwa, Alhaji Garba, wanda kakanninsa suka zo garin nan tun ana shimfiɗa layin dogo. Shi yana narka tsohon kuɗi ya yi zobe da awarwaro da 'yan kunne. Yana neman mace mai jin yaruka wadda za ta iya shiga har ɗakin tsofaffi. Ni kuwa ina jin namu, ina jin na maƙwabta, kuma ba ni da kunyar ciniki. Ya ɗora mini gishiri da ashana da kwanonin sha, na kama hanyar Kagoma da ƙafa.

Kwana huɗu na dawo da ƙunshi mai nauyi ina taƙama. Alhaji ya juye a tabarma ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Rabin kayan maɓallan rigar 'yan reluwe ne da marfin kwalba da aka daddake.

"Asabe, gishirina kika je rabawa sadaka?"

"Baba Alhaji, ai duk zagaye suke."

"Ƙuli-ƙuli ma zagaye yake. Zauna nan. Rufe idonki."

Ya jawo wani faffaɗan dutse mai santsi, ya riƙa sakin kuɗi a kai ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya faɗi sai ya ce, "Wa ya yi magana?" Wata uku muna haka kowace safiya kafin ya hura wuta. Azurfa tana waƙa, ta ja murya ta daɗe kafin ta yi shiru. Tagulla tari take yi, gajere. Dalma kuwa, wadda masu jabu ke zubawa, faɗuwa take tim kamar danƙwalin tuwo. Ranar da na kama shi ya saki sule ɗaya sau biyu don ya ruɗe ni, ya ce, "Tashi, kin yaye." Ya ba ni dutsen. Yana nan ƙarƙashin tirena har yau.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda na saya a kanti. Bayan dutsen akwai maganaɗisu da na ciro daga cikin matacciyar rediyo, don abin da ya manne masa ƙarfe ne aka shafa wa fari. Akwai gashin kaza na fitar da ƙasa daga cikin rubutu, da tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi. Allura ba ta kusantar kayana, don tana karce su. Kowane kuɗi mai daraja ina naɗe shi shi kaɗai a takarda in ɗaure da zare, jan zare na zamanin sarki mai gemu, baƙi na sarkin da ba shi da gemu, fari na sarauniya. Ku masu boko shekara kuke karantawa. Ni fuska nake dubawa, da bishiyar kwakwa a bayan sule, da auduga a bayan taro, da tauraro mai tsini shida a jikin kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da anini.

Wata rana na kawo wa Alhaji liyari guda daga wajen Kauru, irin babbar azurfar nan mai hoton wata mata mai jiki da mayafi, bayanta tsuntsu mai kai biyu. Ya riga ya kama shi da awartaki zai sa a wuta, sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Alhaji, don girman Allah dakata!"

Malam Yohanna ne, hedimastan wata firamare a lokacin, dogon mutum siriri da keke. Ya jingine keken, ya kwance wani littafi daga bayansa mai kauri kamar bulo, ya buɗe a kan gwiwa. Ga matar nan a ciki da mayafinta. Littafin duk hotunan kuɗi ne, na Rumawa tun zamanin Kaisar, na Larabawa masu rubutun ajami, na wasu ƙasashe da ban taɓa jin sunansu ba, sannan can ƙarshe namu. Malam ya ce shi abin da yake tarawa ke nan: duk kuɗin da aka sa hotonsa a littafin nan, yana so ya riƙe irinsa a hannu. Ya ce akwai masu irin wannan ciwon a Jos da Kaduna da Ikko, har da ƙasashen waje, kuma ba nauyi suke saya ba.

Alhaji ya ce, "To me suke saya?"

"Tsufa, Alhaji."

"Da na sani ai da na kai musu kaina."

Daga ranar aikina ya rabu biyu. Wanda ya lalace na wutar Alhaji ne, mai kyan fuska na mutanen littafi. Duk Lahadi bayan sujada ina zuwa gidan Malam, matarsa ta ba ni kunu, shi kuma ya yi ta buɗa mini shafi. Cikin shekara biyu na haddace hotunan namu kaf. In ya ce shafi kaza, sai in ce masa, wanda giwa take sama a hannun hagu? Ya duba ya ce shi ne.

Amma kafin nan sai da na yi ɓarnar da har yau in na tuna nake kama baki. Na tara masa taro da sisi cike da gwangwanin madara, duk sun yi baƙi. Na ce ina zan kai wa hedimasta kaya da dauɗa kamar ba mace ce ta kawo ba? Na samu toka da lemun tsami da soson tukunya, na zauna na dirje su ɗaya ɗaya har suna ɗaukar ido. Na kai ina jiran yabo. Malam ya buɗe, ya rufe, ya cire tabarau ya goge.

"Maman Luka, kin wanke musu shekarunsu."

Ashe baƙin nan shi ne shaidar. Duk gwangwanin wutar Alhaji ya koma. Shi ya sa in kun ga kayana ba sa ƙyalli kada ku ce ƙazanta ce. Na iya wanki, ku je ku ga tukwanena.

Masu saye iri iri ne. Akwai 'yan rawar gargajiya masu neman anini su ɗinka a ɗamara don ya yi kacau-kacau. Akwai malaman makaranta masu son nuna wa yara. Akwai wanda zai zo da mota daga Abuja ya yi ta yamutsa fuska yana cewa duk tarkace ne, alhali tun daga nesa na ga inda idonsa ya sauka. Irin wannan sai in ɗauke abin in sa a lalita in ce ba na sayarwa ba ne, in bar shi ya yi zufa. Wani fasto ma ya taɓa zuwa wai in samo masa kuɗin Kaisar zai yi wa'azi da shi. Na ce, "Fasto, Kaisar bai biyo ta Kagoma ba. Wanda duk ya kawo maka, a bayan tasha aka zuba shi."

Mummunar shekara kuwa ba fari ne ya kawo ta ba, jita-jita ce. Aka wayi gari wai akwai wani tsohon kwabo da ke jan shinkafa, in ka ajiye shi kusa da ƙwaya sai ta taho da kanta, kuma wai Turawa na ba da mota a kansa. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan ba, Allah ya shirye shi. Duk gidan da na shiga sai in tarar da tsofaffi a durƙushe sun zuba shinkafa a ƙasa suna jira. Matan da muka yi shekara ashirin muna musayar gishiri suka riƙa ɓoye mini tukwanensu, wai na daɗe ina cutarsu. Wata a Kagoma ta ce in ba da mota na zo ba in koma. Shekara guda cur ban sayi ko anini ba. Citta na koma sarowa, ni da ban san kanta ba, ta ruɓe mini rabi. Da damina ta zagayo ba wanda ya ga mota, kaji sun cinye shinkafar, sai ga su ɗaya ɗaya suna aiko mini gaisuwa.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji da kyau, don shi ne wanda nake auna kaina da shi. Ya kai shekara ashirin yanzu. Malam Yohanna ya daɗe da yin ritaya, matarsa ta rasu. Ya aiko a kira ni ranar Laraba, ba Lahadi ba. Na same shi a bakin ƙofa, littafin a cinyarsa, yana karkata kai kamar kaza mai kallon shaho.

"Maman Luka, na dawo daga wajen likitan ido. Ba yana ba ce da za a cire. Jijiyar ce ke mutuwa. Na hagu ya tafi. Na dama kamar ta cikin karan dawa nake leƙe, kuma ya ce da wuya ya kai ƙarshen damina."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce amin, amma ba addu'a ya kira ni ba, aiki ne. Ya buɗe can ƙarshen littafin ya nuna wani hoto da na daɗe da sani: kwabo ne mai huji, amma hujin bai zauna a tsakiya ba, ya kauce gefe har ya ci hannun tauraro ɗaya. Injin Turawa ne ya yi kuskure ranar da aka buga shi. A bakinsa kuma akwai 'yar tsaga kamar ta haƙori.

"Sauran hotunan nan," in ji shi, "in kin samo irinsu ya wadatar. Wannan ba irinsa nake nema ba. Shi kansa. Na babana ne."

Babansa mai bishara ne a Madakiya. Wani Bature mai sha'awar kuɗi ya kwana a gidansu, ya ga kwabon, ya ɗauki hotonsa, shi ne ya shiga littafi. A ƙarƙashin hoton ma an rubuta cewa a hannun wani mai bishara aka gan shi kusa da Kafanchan. Baban ya ajiye shi a gwangwani tare da sauran canjinsa. To a zamanin nan in za a yi rufin kwano, ƙusa tana bukatar abin da za a sa a ƙarƙashin kanta don kada ruwa ya bi ramin. Na kanti yana da tsada kuma sai an je Jos. Sai kafintoci suka gane cewa anini da ɗari da kwabo duk da hujinsu suka zo. Ranar da ake rufin cocin garin abin ya yanke ana tsakar aiki, hadari kuma ya haɗo. Aka yi shela kowa ya kawo mai huji. Baban ya tafi wa'azi wani ƙauye. Maman ta ɗauki gwangwanin nan gaba ɗaya ta juye a gaban kafintoci.

"Shekara talatin muna tare, Malam, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"In faɗa miki ki yi me? Ki kware ɗakin Allah saboda kwabo?"

Amma yanzu ikilisiyar da kanta za ta sauke tsohon rufin ranar Asabar ta sa sabo, kuma an riga an yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, da yamma za su kwashe komai a mota. Ya ce ba ya son ya mallake shi don ya sayar. So yake ya gan shi da idonsa, kusa da hotonsa, kafin ƙofar ta rufe.

Ran Asabar tun da sassafe muka hau acaɓa biyu, ni a ɗaya, Malam da littafinsa a ɗaya. Na fara da faston wurin, saurayi ne ɗan garin, ya ce ba matsala in dattawa sun yarda. Dattawa suka ce sun yarda in dai ba mace za ta hau saman coci ba. Na ce, "Ku kwantar da hankali, Baba, ko an roƙe ni ba zan hau ba." Sannan na je wajen mai tsohon ƙarfe, wani mai jar hula yana zaune a kan sikelinsa. Na ce kwano nasa, ƙusa tasa, abin da ke tsakanin kwano da ƙusa namu ne. Ya ce ai duk ƙarfe ne. Na ciro maganaɗisuna na ɗora a kan anini ɗaya, bai kama ba. Na ce, "Ka gani? Ba danginka ba ne." Ya yi dariya ya ce in kwashe.

Matan zumuntar garin suka fito da faifai da tire kamar za a sheƙe acca. Kafintoci na zare ƙusa suna jefowa a kan tabarmi, mata na tsincewa suna zare kuɗin suna kawo mini. Wata ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa. Ni ina zaune da zanena a cinya, kowanne in share tsatsar ƙusa da babban yatsa in duba hujin. Tsakiya. Tsakiya. Tsakiya. Malam yana ƙarƙashin mangwaro, duk sanda na ɗaga kai sai in ga ya juyo da kunnensa wajena. Rana ta take, aka kawo mana pate muka sha, muka ci gaba. Wajen la'asar kwano na ƙarshe ya sauko. Na sa aka share ƙasa da tsintsiya, aka duba cikin kwata, har cikin ciyawa. Babu.

Na tashi zan je in faɗa wa Malam. Sai na ji wani tsoho yana zagin kafintocin. Tun safe yana nan a kan kujerar roba da sandarsa, wai shi Baba Dogo, yana cewa yaran yanzu ba su iya riƙe guduma ba. Wata mata ta raɗa mini cewa yana cikin waɗanda suka yi rufin farko, yana saurayi. Na karɓi littafin a hannun Malam na kai masa, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ranar da kuka yi rufin nan, ka ga wannan?"

Ya kawo shafin dab da hancinsa. Sai ya fashe da dariya har sandar ta faɗi.

"Wannan gurgu? Tun safe shi kuna nema? Wane kafinta za ya sa wannan a rufi? Rami yana gefe, ƙusa ya shiga, ɗaya gefe ya ɗaga, ruwa ya bi. Za ya yoyo a kan mai wa'azi! Na cire shi."

"Ka cire ka kai ina, Baba?"

"Aljihu."

Faston yana tsaye a bayana. Ya ce, "Baba, baikon ikilisiya ka sa a aljihu?"

"Ikilisiya ya ƙi shi, ɗana. Ni na tausaya masa." Ya juyo wajena, da Hausarsa ta tsofaffinmu da ba ta raba mace da namiji. "Ki je ki tambayi matana. Tun da na aure shi ya ƙwace. Ni sai dai na gan shi a cikin 'ya'yan mutane."

Ban gane ba sai da muka isa gidan. Matarsa, Kaka Saratu, ita ce ungozomar unguwar, gajeriya mai kaifin ido, muka same ta tana ɓarar gyaɗa. A wajenmu in jariri ya zo da cibiya mai tasowa, akan naɗe kwabo a tsumma a ɗora a kai a ɗaure. Nas-nas na yanzu suna faɗa a kan haka, sun ce cibiya da kanta take komawa, ni dai abin da na gani nake ba ku. Kaka ta dubi hoton sau ɗaya ta ce, "Nawa ne." Ta ce sauran kwabbai ba su da amfani, don hujin yana tsakiya, cibiyar sai ta leƙo ta ciki. Wannan kuwa tsakiyarsa a toshe take, yana danne ta daidai, hujin gefen kuma nan take zura zare.

Na ce, "Mama, yana ina yanzu?"

"Yana wurin aiki."

Na san ciniki, don haka na fara a hankali. Na kwance lalitata na fito da dala ta azurfa, mai faɗi, ba huji ko kaɗan, na sake ta a kan dutsen niƙanta ta yi waƙa. Na ce wannan ta fi shi faɗi, ta fi shi daraja, ga ta kyauta.

Ba ta ko kalle ta ba. "Cibiya nawa ta taɓa kwantarwa?"

"Ba ta fara ba tukuna, Mama."

"To ta je ta koyo. Nawa ya yi shekara hamsin yana yi. Wannan faston da ke tsaye yana mini kallon ɓarauniya, sati uku kwabon nan ya yi a kan cibiyarsa. Ɗaga rigarka su gani."

Fasto ya riƙe rigarsa da hannu biyu. Matan da suka biyo mu suka kwashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa.

Malam bai yi dariya ba. Ya matso da sandarsa ya ce, "Mama, ni ɗan mai bisharan nan ne da ya zauna a nan. Ban zo karɓa ba. Idona ne ke tafiya. Ki bar ni in gan shi kawai."

Kaka Saratu ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ne Yohanna mai dogon wuya? Babanka ya ɗaura mana aure." Ta karkaɗe zaninta ta tashi. "Ku zo. Amma in yarinyar tana barci sai ku jira."

Gida na uku ne daga nasu. Yarinyar ba ta barci, 'yar wata biyu, tana ta harba ƙafa. Cikin ɗakin da duhu, Malam ba zai ga komai ba, rana kuma ta fara yin ja. Na ce a fito da tabarma tsakar gida inda sauran hasken yake. Uwar ta kwantar da ita, Kaka ta warware ɗaurin, ta buɗe tsumman, ta sa wa Malam a tafin hannu.

"Da ɗuminsa," in ji shi.

Na buɗe masa shafin na riƙe. Ya ɗora kwabon kusa da hoton, ya fito da gilashinsa na ƙara girma, ya yi ta karkata kai yana neman 'yar tagar da ta rage masa. Ni tun daga hannun Kaka na riga na gani, hujin ya ci hannun tauraro, ga tsagar a baki, sai dai ya sha hannu ya yi sumul. Amma ba don ni in gani aka zo ba, sai na bar shi ya nemo da kansa. Can ya tsaya cak. Ya dubi hoton, ya dubi kwabon, ya sake duban hoton.

"Shi ne," ya ce. "Ga tsagar. Babana ya yi ta da wuƙar fiƙe fensir."

Daidai nan yarinyar ta saki fitsari, ya bi tabarma ya jiƙa masa gwiwar wando. Na ɗaga littafin sama da sauri. Kaka ta ce, "Ta gaishe ka." Sannan ta karɓi littafin ta ƙura wa hoton ido, ta ce wa kwabon, "Ashe ka je ƙasar Turawa ka yi hoto, ba ka taɓa faɗa mini ba."

Malam ya miƙa mata abinta da hannu biyu ya yi godiya, ya fara laluben sandarsa. A nan ne na yi cinikin da ya fi kowanne a rayuwata, kuma ba a sayar da komai ba.

Na ce, "Mama, in ba jariri, ina yake kwana?"

"A cikin ƙoƙo, saman rumbu."

"Shi kaɗai? Da ɓeraye? Ga Malam yana da akwati mai shimfiɗar auduga, da 'yan uwansa a ciki. Ya riƙa hutawa can. Ranar da aka haifi mai bukata, ki aika acaɓa, kafin ruwan wanka ya tafasa ya iso."

Ta yi tunani tana taunar gyaɗa. Ta ce, "Sai wannan ta gama. Saura kwana goma. Kuma kuɗin acaɓa ba ni zan biya ba."

Malam ya ce shi zai biya, zuwa da dawowa.

Ran kwana na goma sha ɗaya aka kawo shi Kafanchan naɗe a ganyen ayaba. Malam ya samu wata huɗu yana kallonsa kowace safiya a bakin ƙofa. Kafin a fara cin sabuwar doya idon ya rufe gaba ɗaya, kamar yadda likita ya faɗa. Ya yi shekara shida bayan haka. Sau da yawa ina zaune a wurinsa ran Lahadi sai mu ji acaɓa ta tsaya a waje tana hon. Ba ya jira a yi sallama. Zai jawo akwatin daga ƙarƙashin kujera, ya lalubo kwabon, ya ɗaga murya yadda na waje zai ji:

"Mace ko namiji?"